Yadda Ake Karanta Tarihin Cocin Ƙauye a Ingila Daga Jikin Bangonsa

Duk wanda ya taɓa ratsa karkarar Ingila a jirgin ƙasa ya san yadda abin yake: gonaki kore shar, shingen ƙaya, tumaki, can sai hasumiyar dutse ta leƙo daga bayan itatuwa. Inda ka ga hasumiyar nan, akwai ƙauye a gindinta. Cocin Ingila, wato ɗarikar Angilikan ta ƙasar, yana da gine-ginen ibada wajen 16,000, kuma a yawancin ƙauyuka cocin ne gini mafi tsufa, ya girmi kowane gida da ɗaruruwan shekaru. Sai dai baƙo yakan shiga, ya ɗaga kai, ya ce "tsoho ne kam", ya ɗauki hoto biyu ya fita. Bai ga komai ba.

Abin da ya kamata ka riƙe tun farko shi ne, da wuya ka sami cocin ƙauye da aka gina a zama ɗaya. Wani ƙarni ya ɗora hasumiya, wani ya fasa bango ya faɗaɗa, wani ya toshe ƙofa, wani ya kankare zane, wani ya zo gyara ya ɓata. Kowanne ya bar tabo. Labarin zuciya a tambayi fuska, labarin coci kuwa a tambayi bango, kuma wurin da bangon ya fi magana shi ne inda aiki bai haɗu da aiki ba. Zan bi da kai ta cocin All Saints da ke Earls Barton a gundumar Northamptonshire, don kusan kowane ƙarni daga na 10 zuwa yau ya bar hannunsa a can. Abin da ka koya a wurin zai yi maka aiki a kowane ƙauye.

Kafin ka bar gida

Ka fara tabbatar da cewa za ka sami ƙofa a buɗe. Cocin Ingila yana da shafin intanet mai suna A Church Near You, inda za ka ga lokutan sujada da na buɗewa. Yanzu limami ɗaya yakan riƙe ƙauyuka huɗu ko biyar, saboda haka kada ka sa ran samunsa a wurin. Wasu cocin a buɗe suke wuni, wasu a kulle, amma sau da yawa akwai takarda a zaure da ke nuna gidan da makulli yake. Idan kallon gini ya kai ka, ka kauce wa safiyar Lahadi.

Hukumar Historic England tana da kundin gine-ginen da doka ta kare, kyauta ne a intanet, kuma yawancin tsofaffin coci suna da bayaninsu na ƙarni-ƙarni a ciki. Shawarata ita ce kada ka karanta sai ka dawo. Ka je da idonka tukuna, ka yi kirdado, sannan ka gwada da abin da masana suka rubuta. Ta haka ido ke koyo.

Kayan aiki ba su da yawa: tocila, madubin hangen nesa idan kana da shi, littafin rubutu, da rigar sanyi ko da bazara ce, don cikin ginin dutse sanyi gare shi kamar randa. Ba a cire takalmi. Al'adarsu namiji ya cire hula, amma ban taɓa ganin an tsangwami wani a kan hular da ya sa don addininsa ko al'adarsa ba. Earls Barton tana tsakanin Northampton da Wellingborough. Daga tashar St Pancras a Landan akwai jirgi zuwa Wellingborough, daga nan sai bas ko tasi.

Mataki na farko: tsaya daga nesa

Kada ka doshi ƙofa. Tsaya a bakin titi ka tambayi kanka me ya sa aka gina shi a nan ba can ba. A Earls Barton cocin yana kan tudu, ya hau kan garin, kuma a bayansa ta arewa akwai wani tsibin ƙasa da ganuwa mai zurfi da ake kira Berry Mount. Wannan maƙwabtaka ba a banza take ba. Cocin ƙauye da yawa sun faro ne a matsayin ɗakin ibadar mai gari, a jikin gidansa, shi ya gina, shi ke naɗa limami. Don haka idan ka ga coci, nemi gidan mai gari ko kufansa kusa. Idan kuma ka ga coci shi kaɗai a tsakiyar saura, to ƙauyen ne ya tashi ya bar shi, ko don annoba, ko don mai ƙasa ya kori manoma ya zuba tumaki.

Sunan garin ma shaida ne. Barton a tsohon Ingilishi na nufin gonar sha'ir. Kalmar Earls ta zo ne daga manyan hakiman da suka mallaki wurin. A kundin ƙidayar Domesday na 1086, ƙasar tana hannun Judith, 'yar 'yar'uwar Wiliyam na Nomandi wanda ya ci Ingila da yaƙi a 1066, kuma matar wani babban hakimi, Waltheof, da aka sare wa kai a 1076.

Yanzu fito da kamfas ɗin wayarka. Kusan duk tsohon coci yana kallon gabas ne: bagade, wato teburin da limami ke jan ibada a gabansa, a gabas, hasumiya galibi a yamma, babbar ƙofa galibi a kudu. Ga Bahaushe wannan ba baƙon abu ba ne, mun saba gane gabas daga yadda masallaci ya zauna. Da ka gane gabas, ka gane tsarin ginin. Dogon ɗakin yamma na jama'a ne, a takardun coci za ka ga an rubuta nave. Ƙaramin na gabas ɗakin bagade ne, wato chancel. Shirayin da aka jingina a gefen ɗakin jama'a su ne aisle.

Akwai wani sirri a wannan rabo. A da, gyaran ɗakin bagade yana wuyan mai karɓar ushirin gonaki ne, limami ko wani gidan sufaye, ɗakin jama'a da hasumiya kuwa na mutanen gari ne. Shi ya sa wani lokaci za ka ga ɗakin jama'a ƙato, ya sha ado, ɗakin bagade kuma a tsuke kamar an manta da shi. Aljihu biyu ne daban.

Mataki na biyu: maƙabarta

Ka shiga ta ƙofar shinge. A wurare da yawa tana da 'yar rumfa a kai, nan ake ajiye makara a jira limami ya fito ya tarbi gawa. Lura da tsayin ƙasa. Sau da yawa ƙasar maƙabarta ta fi hanya tudu, wani lokaci har cocin ya zama kamar ya nutse. Shekara ɗari takwas ko dubu ana binne mutane a fili ɗaya, ƙasa dole ta tashi.

Kada duwatsun kabari su ruɗe ka. Mafi tsufansu da wuya su wuce ƙarni na 17, kafin nan talaka ba ya samun dutse. Tsofaffin sun fi yawa ta kudu, gefen rana, don mutanen wancan zamani ba sa son arewa mai inuwa. Idan ka ga ƙaton itace mai duhun ganye, kututturensa a rarake, wanda suke kira yew, to ka gaishe shi, wataƙila ya girmi bangon da ke gefensa.

Mataki na uku: zagaya bango sau biyu

A nan aikin yake, a nan kuma ya kamata ka ɓata mafi yawan lokacinka. Zagayen farko na dutse ne kawai. Jigilar dutse a keken shanu ta fi dutsen kansa tsada, don haka kowane yanki da abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa yake gini. A Northamptonshire za ka ga farin dutse da wani ja-ja mai tsatsar ƙarfe, wani lokaci an jera su layi-layi don ado. A Norfolk da Suffolk babu dutsen sassaƙa, sai ƙanƙara, irin wadda ake ƙyasta wuta da ita, shi ya sa Norfolk ke da hasumiyoyi masu zagaye sama da 120, ba sai an nemi dutsen kusurwa ba. A Cornwall dutse ne mai tauri da ba ya karɓar ado sosai. Idan launin dutse ko girmansa ya canza a tsakiyar bango, ka tsaya. An daina aiki an ci gaba, ko an ƙara tsayi.

Zagaye na biyu na neman tabo ne. Nemi layin da ya miƙe daga sama zuwa ƙasa inda duwatsu ba su sarƙe da juna ba, wannan tsohuwar kusurwa ce da aka jingina sabon bango a kanta. Nemi ƙofar da aka toshe, galibi ta arewa. Nemi ƙananan ramuka masu kusurwa huɗu a jere, nan magina suka soka itacen dakalin aiki. Ɗaga kai ka dubi fuskar hasumiya ta gabas: idan ka ga shatar rufi mai tsini a sama da rufin yanzu, to tsohon rufin ya fi wannan tsayi da gangare, wataƙila na ciyawa ne. Kusa da ƙofar kudu kuma ka nemi ɗan rami da aka ja wa layuka kamar tafin kaza. Agogon rana ne, ana soka tsinke a ramin a ga lokacin sujada. In ka same shi a bangon arewa ko a kife, an sake amfani da dutsen ne.

Yanzu ga hasumiyar Earls Barton, wadda ita ce dalilin zuwan kowa. An gina ta a ƙarshen ƙarni na 10, wasu kan ce wajen 970, tsayinta kusan mita 19, hawa huɗu, kowane hawa ya ɗan fi na ƙasansa tsukewa. Matso kusa da kusurwarta. Za ka ga dogon dutse a tsaye, sai faffaɗa a kwance a kansa, sai wani a tsaye, sai wani a kwance, har sama. Wannan ɗinki na dogo da gajere hannun Anglo-Sakson ne, mutanen da ke mulkin ƙasar kafin 1066. Inda duk ka gan shi, ka kama tsohon gini. A jikin bangon kuma akwai siraran duwatsu da suka fito daga yaɓe, wasu a tsaye, wasu sun gicciye sun yi kusurwa-kusurwa, wasu sun yi rabin zagaye. Daga nesa sai ka rantse katako ne aka kafa. Masana da yawa na ganin kwaikwayon ginin itace ne aka yi da dutse.

Sa madubinka a hawa na sama. A kowace fuska akwai ƙananan tagogi biyar a jere, tsakaninsu gajerun ginshiƙai masu ƙugu kamar turmi. Ƙasa da su akwai kafofi masu kai mai kusurwa uku, duwatsu biyu kawai aka jingina wa juna. Ta kudu kuma akwai ƙofa a sama, mai buɗewa ga iska, ba matakala ba baranda. Ra'ayi mafi ƙarfi shi ne ƙasan hasumiyar ne ainihin ɗakin jama'a na farko, da ɗan ƙaramin ɗakin bagade a gabas, wato cocin kansa hasumiya ne. Haƙoran da ke can ƙololuwa kuwa kada ka haɗa su da sauran, an ɗora su ne a ƙarni na 15, shekara ɗari biyar bayan ginin. Ga darasinka na farko a tsaye: abu ɗaya, zamani biyu.

Mataki na huɗu: koyi bakan ƙofa da taga

A 1817 wani magini mai suna Thomas Rickman ya raba ginin cocin Ingila kashi-kashi, kuma har yau sunayensa ake amfani da su a kowace takardar bayani, don haka gara ka san su.

Norman shi ne daga 1066 zuwa wajen 1190. Baka mai zagaye kamar bakan gizo, bango mai kauri, ƙananan tagogi, ginshiƙai masu kiba, ado kuma na zikzak. Ƙofar kudu ta Earls Barton ta ƙarshen ƙarni na 12 ce. Tsaya a zaure ka haska ta da tocila daga gefe, ba daga gaba ba, don inuwa ta fito da sassaƙa. Za ka ga zikzak layi bisa layi, da jerin kawunan wasu halittu masu baki kamar na tsuntsu sun ciji gefen bakan. Ƙofa irin wannan mutane ba sa yarda su zubar. Idan aka faɗaɗa coci, sai a kwance ta dutse-dutse a sake ɗaure ta a sabon bango. Saboda haka ƙofar ƙarni na 12 a jikin bangon ƙarni na 14 abu ne da za ka riƙa gani.

Idan salon Norman ya kama ka, ka nufi Kilpeck a Herefordshire, kusa da iyakar Wales. An gina shi wajen 1140 da jan dutse, kuma kusan bai canza ba. A ƙarƙashin rufinsa ta waje akwai sassaƙaƙƙun kawuna sama da 80, har da kare da zomo gefe da gefe kamar zanen littafin yara.

Daga wajen 1190 sai baka ya yi tsini. Kashin farko shi ne Early English: tagogi dogaye sirara kamar tsinin mashi, ɗaya ɗaya ko uku a jere, ba ado a ciki. Daga tsakiyar ƙarni na 13 zuwa wajen 1350 sai Decorated, lokacin da aka haɗa tagogi a ƙarƙashin baka ɗaya aka cika samansu da saƙar dutse, da farko zagaye-zagaye, daga baya lanƙwasa kamar reshen kabewa. Sai annobar 1348 zuwa 1349 ta faɗo, ta kashe wajen sulusin mutanen ƙasar ko fiye, magina ma ba ta bar su ba. Abin da ya mamaye bayanta shi ne Perpendicular, har zuwa wajen 1530: manyan tagogi, sandunan dutse sun miƙe tsaye har sun taɓa baka, bakan kansa ya kwanta, rufi ya baje an lulluɓe shi da darma.

Wannan salo na ƙarshe shi ne na kuɗin ulu. Je Long Melford ko Lavenham a Suffolk ka ga coci kamar na babban birni a cikin ƙauye. Attajiran tufafi ne suka zuba dukiya, a Long Melford har sunayen masu bayarwa aka sassaƙa a jikin bango ta waje ana roƙon a yi musu addu'a.

Ga tarkon da kowa ke faɗawa: shekarun taga ba su ne shekarun bango ba. Fasa bango a sa babbar taga abu ne mai sauƙi, kuma an yi ta yi don neman haske. Ka ga taga ta ƙarni na 15, duba gefenta, wataƙila akwai 'yar ƙaramar taga mai zagayen kai da aka toshe. Ita ce mai gaskiya. Tarko na biyu ya fi wannan: maginan ƙarni na 19 sun kwaikwayi tsofaffin salon nan sosai. Ni kaina na taɓa tsayawa a wani ƙauye ina yaba wata taga, na rubuta 1320 a littafina da ƙarfin gwiwa, sai wata dattijuwa da ke jera furanni ta nuna mini allon tagulla a ƙasanta mai ɗauke da shekarar 1870 da wani abu. Tun ranar nake taɓa dutse kafin in yi magana. Tsohon aiki gefensa ya cinye, layinsa ba ya miƙewa sarai, hagu da dama ba sa zama daidai. Sabon kuwa kaifi gare shi, sumul, kamar an yanka sabulu. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Mataki na biyar: shiga ciki

Kafin ka tura ƙofa, dubi zauren. Ba wurin fakewa daga ruwa ba ne kawai. A da a nan ake fara ɗaurin aure da baftisma, a nan ake ƙulla yarjejeniya a gaban shaidu, kuma har gobe nan ake manna sanarwar gari.

Da ka shiga, ka zauna a kujerar baya minti biyar, ido ya saba da duhu. Abu na farko kusa da ƙofa shi ne kwamin baftisma na dutse. An ajiye shi a bakin shiga don baftisma ce ƙofar shiga addinin a wurinsu. Sau da yawa ya girmi ginin da yake ciki, don ko an rushe coci ba a jefar da shi. Shafa bakinsa, za ka iya jin gurbin ƙarfe ko inda dutse ya ɓalle. Daga ƙarni na 13 an umarta a riƙa rufe shi da kwaɗo don kada a saci ruwan a yi tsafi.

Sai jerin ginshiƙai. Ka tuna yawancinsu tsohon bango ne aka huda. Jama'a sun ƙaru, sai a gina shirayi a waje, a fasa bangon a mai da shi bakuna. Don haka bangon da ke saman bakunan ya girme su. Gwada na arewa da na kudu, da wuya su zo iri ɗaya, kuma bambancin zai gaya maka wanne aka fara. Jerin tagogin da ke can sama kusa da rufi galibi ƙari ne na baya, bayan shirayin gefe sun tare haske. A Earls Barton juya ka dubi bakan da ya haɗa hasumiya da ɗakin jama'a, sannan ka wuce ɗakin bagade. Bangonsa yana da jerin bakunan ado na Norman masu zikzak, amma tagogin gabas da tsawon ɗakin na ƙarni na 13 ne. An ja ɗakin gaba ne, aka bar tsohon ado.

A ɗakin bagade, ta kudu, nemi kujerun dutse a cikin bango, galibi uku, na limamai. Kusa da su akwai 'yar alkuki mai ɗan kwano da rami, inda ake wanke kofin Jibin Ubangiji ruwan ya bi cikin bango zuwa ƙasa. Wannan 'yar alkuki babbar mai ba da shaida ce. Duk inda ka gan ta, ko a ƙarshen shirayin gefe, to a da akwai bagade a wurin, galibi wanda wani mai hali ya kafa don a riƙa yi wa ransa addu'a.

Mataki na shida: nemi abin da babu

Cocin da kake gani fari fat ko dutse tsirara ba haka yake ba a 1500. Bango duk zane ne, ja da rawaya da baƙi, tagogi gilashi mai launi, gumakan waliyyai a kowane lungu. Tsakanin ɗakin jama'a da na bagade akwai shingen katako, a samansa baranda, a saman barandar babban gicciye. A 1534 Sarki Henry na Takwas ya raba gari da Fafaroma. A zamanin ɗansa Edward na Shida, daga 1547, aka sauke gumaka, aka shafe zane da farar ƙasa, aka fasa bagaden dutse aka kawo tebur. A 1549 sujada ta koma Ingilishi daga Latin. Abin da ya tsira kuma ya gamu da yaƙin basasa: a 1643 da 1644 wani William Dowsing ya bi coci sama da 200 a Cambridgeshire da Suffolk yana farfasa hotuna, yana rubuta abin da ya fasa kowace rana.

To ka nemi gurbin. Alkuki da babu kowa a ciki. Mala'ikan katako a rufi da aka sare wa fuska. Taga mai farin gilashi amma can ƙololuwa an bar gutsattsarin launi, inda sanda ba ta kai ba. Shimfiɗaɗɗen dutse a ƙasa da shatar mutum, an ɓanɓare tagullar. Wanda na fi so shi ne 'yar ƙofa a sama a gefen bakan ɗakin bagade, da matsattsiyar matakala a cikin bango mai kaiwa gare ta, tana buɗewa ga babu. Hanyar hawa barandar gicciye ce. Earls Barton ta yi sa'a shingenta na ƙarni na 15 yana nan, amma waliyyai da malam-buɗe-littafin da ke jikinsa zanen Henry Bird ne na shekarun 1930.

Farar ƙasa ta ɓoye, amma ta adana. A Wenhaston ta Suffolk, a 1892, masu gyara suka sauke wasu fararen alluna daga saman bakan ɗakin bagade suka yar a maƙabarta. Da dare aka yi ruwa. Gari na wayewa sai ga zanen ranar hisabi ya fito, da ma'auni da shaiɗanu da bakin wuta. Yana nan a cocin har yau.

Bayan wannan juyi, kunne ya karɓi aikin ido. Wa'azi ya zama babban abu, sai mumbari ya yi girma, kamar na baƙin katako na ƙarni na 17 da ke Earls Barton. Aka kawo tambarin sarauta aka rataye, aka rubuta Dokoki Goma a allo. Wasu wurare za ka ga kujeru masu ƙofa kamar akwati, kowane gida da nasa, na masu kuɗi a gaba. Sannan mutanen zamanin Sarauniya Biktoriya suka zo da nufin mai da komai yadda suke zaton yake a da. Tayil mai ja da rawaya a ƙasa, kujerun katako iri ɗaya, babban abin kiɗan nan mai bututu da ake kira organ, gilashi mai launi mai sheƙi, duk nasu ne. Sun ceci coci da yawa daga rushewa, wannan gaskiya ne. Amma kankare yaɓen bango da suka yi don dutse ya fito, a ganina ɓarna ce, don tare da yaɓen tsofaffin zane suka tafi. Irin wannan ne ya sa wani marubuci kuma mai zane, William Morris, ya kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine a 1877.

Mataki na ƙarshe: sunaye

Kusa da ƙofa galibi akwai allo mai jerin limamai, wani tun daga ƙarni na 13. Sa yatsa a 1349. Idan ka ga suna biyu ko uku a shekara ɗaya, ka san abin da ya faru. Duba kuma tsakanin 1640 da 1662, inda ake korar wani a sa wani gwargwadon wanda ke mulki. Allon waɗanda suka mutu a yaƙin 1914 zuwa 1918 ma ka karanta shi a hankali, ka ƙirga sau nawa sunan gida ɗaya ya maimaitu, sannan ka fita ka nemi sunan a maƙabarta.

Idan ka ga tsohon akwatin katako mai ɗaurin ƙarfe da makulli uku, shi ne ma'ajin takardu: makulli ɗaya na limami, biyu na wakilan jama'a, ba mai buɗewa shi kaɗai. A 1538 Thomas Cromwell, babban wazirin Sarki Henry na Takwas, ya ba da umarni kowane coci ya riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza. Gwamnati ba ta fara nata rajistar ba sai 1837. Tsofaffin littattafan yanzu suna ma'ajin tarihi na gunduma, na Earls Barton a Northampton, kuma kowa na iya neman dubawa.

Sai yanzu ka sayi 'yar takardar bayanin da ke kan tebur, ka zauna ka gwada da abin da ka rubuta. Gwamnati ba ta ɗaukar nauyin gyaran waɗannan gine-gine kai tsaye, 'yan tsirarun mutanen ƙauye ne ke fama da rufin darma da ƙwaro mai cin katako da jemagu, don haka akwai akwatin taimako a bango, wasu wuraren har da na'urar kati. Ka sa hannu a littafin baƙi, adadin masu zuwa yana taimaka musu wajen neman tallafi. In makulli ka karɓo, ka mayar gidan da ka karɓo shi. Kuma ka ja ƙofar ragar ƙarfe da ke zaure ta rufu sosai a bayanka, don tsuntsu idan ya shiga ba ya gane hanyar fita.